Yadda za ka yi sharhin wasan kwaikwayon ƙanƙara kana zaune cikin zafin Jidda

Bayan sallar isha'i 'yar ƙanwata ta shigo da takardu a hannu, ta ajiye su a kan dardumar da nake karantar da yara, ta ce, "Kawu, an ba mu wasan kwaikwayo mu yi sharhinsa, shafi biyar, kuma daga farko har ƙarshe mutane ne ke mutuwa a cikin ƙanƙara. Ban taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba. Ta ina zan fara?" Tana shekara ta biyu a sashen Turanci na wata jami'a a nan Jidda. Wasan da aka ba su shi ne Terra Nova na Ted Tally, marubuci ɗan Amurka, wanda aka fara nunawa a 1977, a kan tafiyar Kyaftin Robert Scott zuwa ƙuryar kudancin duniya. Dare huɗu muka yi a kansa. Na daɗe ina koyar da yaran unguwarmu Turanci da adabi da yamma, kuma hanyar da muka bi ita ce nake ɗora kowane ɗalibi a kai idan an ba shi wasa ko waƙa ko labari a kan waɗannan tafiye-tafiye.

Kafin ka koma kan wasan, samo takarda guda ka ja layi a tsakiyarta. Gefe ɗaya na Roald Amundsen ɗan Norwe, wanda ya riga Scott isa ƙuryar, ɗayan na Scott ɗan Ingila. Abin da ya faru da gaske kaɗai za ka rubuta, ba tare da yabo ko zargi ba.

Amundsen ya je Antatika, nahiyar ƙanƙara da ƙuryar take cikinta, a jirgin ruwa mai suna Fram. Ya bar sansaninsa a Oktoba 1911 su biyar, da karnuka 52 masu jan amalanken ƙanƙara, wato amalanke marar ƙafa da ke sulɓi a kan katako. Ya isa ƙuryar ranar 14 ga Disamba 1911, ya dawo sansani a Janairu 1912 da mutanensa duka da karnuka 11. Sauran karnukan an yanka yawancinsu a hanya, aka ciyar da 'yan uwansu da mutane, kuma haka ya tsara tun kafin ya tashi. Scott kuwa jirginsa Terra Nova, daga nan wasan ya samo suna. Ya tashi ranar 1 ga Nuwamba 1911, tafiyar tasa ta dogara da motoci masu jan kaya, da gajerun dawakai, da karnuka. Motocin suka lalace, dawakan aka harbe su, na ƙarshensu a gindin hawan ƙanƙarar Beardmore, karnukan aka mayar da su baya. Daga nan mutane suka ɗaura igiya a jiki suna jan kayansu da kansu. Suka isa ranar 17 ga Janairu 1912, kwana 34 bayan Amundsen, suka tarar da tanti da tutar Norwe, da wasiƙa zuwa ga Haakon Sarkin Norwe wadda Amundsen ya roƙi Scott ya isar masa. A hanyar dawowa Edgar Evans ya rasu ranar 17 ga Fabrairu. Lawrence Oates ya fita daga tanti a tsakiyar Maris bai dawo ba. Saura uku, Scott da Edward Wilson da Henry Bowers, guguwa ta tsare su a tanti saura mil 11 su kai babbar ma'ajiyar guzurinsu. Rubutun Scott na ƙarshe na ranar 29 ga Maris ne. Sai 12 ga Nuwamba 1912 aka gano su, labarin kuma bai isa Ingila ba sai Fabrairu 1913.

Wannan takarda ka liƙa ta a bango. Za ka yi ta komawa gare ta.

Sai dai lamba a takarda ba ta shiga jiki, don haka mayar da kowace lamba zuwa wurin da ƙafarka ta sani. Mil 11 ɗin nan, a ma'aunin mil na teku, kimanin kilomita 20 ne, kusan nisan Harami zuwa Arfa. Duk shekara muna ganin tsofaffi suna taka wannan nisa a ƙasa. Da na faɗa wa 'yar ƙanwata haka, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe kusa suka mutu." Daga wannan kalma sharhinta ya fara samun rai. Hanyar dawowarsu gaba ɗaya ta fi Jidda zuwa Riyad nisa, a ƙafa, da kaya a baya, cikin yunwa. Sanyin da suka sha a watan Maris ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ba ka san wannan sanyi ba, amma ka san abin da tsananin zafi ke yi wa mutum ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar Yuli na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya: lissafi ya rikice, fushi ya matso kusa, magana ta gajarta. Tsananin sanyi ma haka yake cin hankali. Idan ka ga 'yan wasa suna faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ka tuna da wannan.

Ka kuma kiyaye lokaci. A can Disamba da Janairu su ne lokacin ɗumi, rana ba ta faɗuwa. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta cewa sun isa ƙuryar "cikin duhun dare", alhali watanni ake yi babu dare. A daidai ƙuryar ma duk inda ka juya fuskarka arewa kake kallo. Yarana sukan tsaya a nan su tambayi yadda za a yi da lokutan salla, ni ma ina son tambayar, amma ta wani zama ce.

Akwai abin da muke da shi wanda ɗalibin Landan ba shi da shi, kuma ina so ka yi amfani da shi. Kakana a ƙasa ya zo ƙasar nan daga wajen Haɗeja. Ya bi ta Borno da Chadi, ya ratsa Darfur, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, sannan ya hau kwalekwale daga Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya. Shekara bakwai. Sun fito su da yawa, ba duka suka iso ba. Kusan kowane gidan Bahaushe a Makka da Madina da Jidda yana da irin wannan labari. A cikinsa akwai duk tambayoyin da wasan ke yi: wa ke riƙe da guzuri, wa ke cewa a tsaya ko a ci gaba, me ake yi da wanda ƙafarsa ta gaza, a jira shi kowa ya halaka ko a bar shi. Kaka takan ce abin da kakana bai taɓa yarda ya ba da labarinsa ba shi ne ranar da suka bar wani abokin tafiya a wani ƙauye da zazzaɓi. Ba na cewa ka cika sharhinka da labarin kakanka. Niyyar mai zuwa ɗakin Allah daban, ta mai kafa tutar sarki daban, kuma kada ka haɗa su. Amma kunnen da ka saurari wancan labari da shi, da shi za ka saurari wannan.

Yanzu karanta wasan sau biyu. Karatun farko kai tsaye, ba alƙalami. A na biyu ka riƙe alƙalami ja, ka sa alama a duk wurin da wasan ya saba wa takardarka ta bango. A nan aikin yake.

Scott da Amundsen ba su haɗu a kan ƙanƙara ba. Kathleen matar Scott ba ta taka Antatika ba. Amma a wasan su biyun suna fitowa su yi magana da shi, labarin yana kai-komo tsakanin ƙanƙara da Ingila, tsakanin abin da ke faruwa da abin da ke cikin kan Scott. Ɗalibi mai gaggawa zai ce marubucin ya yi kuskuren tarihi, ko kuma ya ɗauka da gaske sun haɗu. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa marubucin ya kawo Amundsen, kuma a wane lokaci yake kawo shi? Lissafa duk fitowar Amundsen, ka duba abin da ya faru daf da ita. 'Yar ƙanwata ta ce ita a ganinta waswasi ne, muryar da ke zuwa wa mutum lokacin da ya raunana. Na ce, "To, in waswasi ne, me ya sa sau da yawa abin da yake faɗa gaskiya ne?" Muka yi kusan awa guda a kan wannan. Ni ra'ayina shi ne Amundsen na wasan lissafin da Scott ya sani ne a zuciyarsa amma ya ƙi furtawa. Ita ta tsaya a kan nata, ta kawo hujja daga wurare uku, na ce ta rubuta nata. Malami ba ya neman ra'ayinsa ya dawo masa, hujja yake nema. Wannan kai-komon shi ne za ka tattauna a ƙarƙashin zubi da tsari, kada ka tsaya ga ƙirga kashi nawa da fitowa nawa.

Batun jigo nan ne ɗalibai suka fi zubewa. Sai ka ga an rubuta, "Jigon wannan wasa shi ne jarumta," ko "kishin ƙasa". Wannan kalma ce kawai, ba wanda zai yi maka gardama a kanta, abin da kuwa ba a gardama a kansa ba ya cika shafi biyar. Mayar da jigonka jimla wadda mai hankali zai iya cewa bai yarda ba. Misali: wasan yana nuna cewa ƙa'idar da ta sa Scott ya zama abin girmamawa ita ce ta kashe mutanensa. Ko akasin haka: wasan yana nuna cewa isa da rai ba shi kaɗai ne ma'aunin tafiya ba. Kowace ka ɗauka, sai ka tsaya mata.

Hujjar kuma a wuraren yanke shawara take. Kada ka ɓata shafi kana siffanta fari da sanyi da iska. Nemi inda mutum yake da hanya biyu ya ɗauki ɗaya. Ga karnuka: a idon yawancin Turawan Ingila na lokacin, mutum ya ja kayansa da ƙarfinsa ya fi daraja a kan ya kai gaci bisa wahalar dabbar da zai yanka ya ci. Amundsen ya zauna da mutanen ƙanƙarar arewacin Kanada, ya koyi tufafin fata da sarrafa karnuka a wurinsu, bai ga aibin koyo daga waɗanda suka riga shi sanin ƙasa ba. Wannan gardama tana tsakiyar wasan. Ga kuma mutum na biyar: an shirya zangon ƙarshe don mutum huɗu, tanti da rabon abinci duk na huɗu, sai a ƙarshe Scott ya ƙara Bowers, wanda ya riga ya bar katakon sulɓin da ake ɗaurawa a ƙafa a baya, ya bi su yana nutsewa a ƙafa. Mu mukan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kananzir: sun riƙa tarar da gwangwanayen da suka ajiye a hanya sun ragu saboda yoyo, kuma a can rashin kananzir rashin ruwan sha ne, don sai an narkar da ƙanƙara ake sha. Wannan laifin wa? Shiri ne ya gaza ko ƙaddara ce?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne duwatsu. Suna cikin wannan hali, sun ja duwatsu kimanin kilo 16 da suka tsinta a hanya har zuwa tantin da suka mutu a ciki. A jikin duwatsun akwai sawun ganyen wata tsohuwar bishiya, shaidar cewa ƙasar da yau ba ta fitar da itace ta taɓa zama daji, kuma ta taɓa haɗe da wasu nahiyoyi. Wani zai ce wauta ce mai yunwa ya ja dutse. Wani zai ce wannan ne ya nuna ba tsere kaɗai ya kai su ba. Duk ɓangaren da ka tsaya, ambaci ɗayan da adalci kafin ka ba shi amsa.

Akwai wani makami da yaran da suka yi karatu a ƙasar nan suke da shi tun firamare amma ba sa tunanin kawo shi ajin adabi: tambayar wa ya ruwaito. Kusan duk abin da duniya ta sani game da makonnin ƙarshe daga littafin tafiyar Scott ya fito, wanda aka samu a tantin. Maganar ƙarshe da ake danganta wa Oates, cewa zai ɗan fita waje kuma mai yiwuwa ya jima, Scott ne ya rubuta ta. Mai ruwaya ɗaya, shi ne shugaban tafiyar, yana rubutu ya san mutuwa zai yi, ya kuma san za a karanta. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, amma dole a faɗe shi. Da aka buga littafin a 1913 an rage wasu kalamai masu zafi da ya yi a kan abokan tafiyarsa. Shekara ɗaya da rabi bayan isar labarin Ingila, yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ƙasar tana bukatar labarin mutanen da suka mutu ba tare da ƙorafi ba. A 1979 marubuci Roland Huntford ya fitar da littafi ya kwance wa Scott zani a kasuwa, ya ce rashin iya shiri ne ya kashe su. A 2001 Susan Solomon, masaniyar yanayi 'yar Amurka, ta nuna cewa sanyin da ya same su a ƙarshen Fabrairu da Maris na 1912 ya wuce wanda aka saba gani a wurin. Mutum ɗaya, tafiya ɗaya, amma kowane zamani da Scott ɗinsa. Sakin layi guda a kan inda wasan 1977 ya tsaya a cikin wannan jerin zai ɗaga sharhinka sama da na sauran ajin.

Fitar Oates tana bukatar natsuwa. Ƙafafunsa sanyi ya cinye su, yana rage wa sauran sauri, ya fita cikin guguwa. Mu addininmu ya hana mutum kashe kansa, kuma ba na so ɗalibi ya ajiye imaninsa a bakin ƙofar aji. Amma na ga kuskure iri biyu. Wani ya mai da sharhin wa'azi, ya yanke wa mutumin hukunci ya rufe littafi. Wani kuma ya kwafo yabon Turawa kamar yadda yake, ba tare da ya yarda da shi ba. Abin da na ce wa 'yar ƙanwata shi ne ta fara nuna yadda wasan ya gina wurin: wa ya yi magana, wa ya yi shiru, akwai wanda ya hana shi, shin shirun sauran izini ne. Ta kuma duba takardar tarihi: kwanaki kaɗan kafin nan Scott ya sa Wilson, likitansu, ya raba musu ƙwayoyin da za su iya kawo ƙarshen wahalarsu, daga baya kuma ya rubuta cewa sun zaɓi su jira ajali. Bayan ta shimfiɗa wannan duka, sai ta faɗi matsayinta a fili cikin jimla biyu ko uku, da sunanta, da dalilinta. Haka ake yi wa rubutu adalci ba tare da an ci amanar kai ba.

Wasan kwaikwayo ba don ido kaɗai aka rubuta shi ba, saboda haka a dare na uku muka hau saman bene. Muka shimfiɗa farin zanin gado, na ɗaura igiya a buhun shinkafa, ƙannenta biyu suka ja shi daga wannan bango zuwa wancan suna karanta maganganun 'yan wasa. Kafin zagaye na huɗu numfashinsu ya fara yanke jimla biyu. Nan take ta gane dalilin da maganar masu jan kaya take gajeruwa, ta Amundsen kuwa, wanda ba ya jan komai, take fita a natse. Wannan ba za ka gan shi kana kwance da littafi ba. Duk wanda ya taɓa yin tashe ya san tsohon buhu da auduga a haɓa sun isa su mai da yaro tsoho. Dandali ma haka ne: ba a kawo ƙanƙara, tafiyar ɗan wasa da yadda yake riƙe kofi da hannu biyu su ke kawo sanyin. Karanta umarnin da marubuci ya sa tsakanin maganganu game da haske da sauti da tsayuwar kowa, ka ba shi shafi aƙalla rabi. Nemo kuma hoton da mutum biyar ɗin suka ɗauka a ƙuryar, wanda Bowers ya ja zare ya ɗauka don shi ma ya fito. Dubi fuskokinsu da kyau kafin ka rubuta komai a kan fitowar da suka tarar da tutar.

Rubutun kansa ba shi da wuya idan an yi waɗannan. Jimlar jigonka ta zo a sakin layi na farko. Taƙaita labarin kada ya wuce layi shida, malaminka ya san shi. Kowane sakin layi ya ɗauki wuri ɗaya a wasan, ka kawo gajeriyar magana daga ciki da lambar shafi, ka faɗi abin da take yi, ka ɗaure ta da jigonka. Idan an ce ka kwatanta da wata tafiya, ɗauki ta Ernest Shackleton, wani jagoran tafiya zuwa Antatika: ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Endurance ya nutse a Nuwamba 1915, bai cim ma abin da ya fita nema ba, amma mutum 28 na jirgin duka sun tsira. Abin da ka samo a intanet ka gwada shi da takardarka ta bango kafin ka yarda da shi, kuma kada ka miƙa jimlar da ba za ka iya kāre ta ba idan malami ya tsayar da kai a gaban aji.

Abu na ƙarshe, karanta wa wanda bai san labarin ba, ka rubuta tambayar da zai yi. 'Yar ƙanwata ta fassara wa kakarta, mahaifiyata, da Hausa, tsohuwa tana jan carbi tana saurare. Da ta gama, ba ta tambayi wa ya riga isa ba. Cewa ta yi, "To, an samu binne su kuwa?" Muka koma takarda. Waɗanda suka gano su sun kwantar da tantin a kansu, suka tara ƙanƙara a bisa, suka bar su a wurin. Oates kuwa an nema ba a ga gawarsa ba. Yarinyar ta ɗauki alƙalami ta soke sakin layinta na ƙarshe, ta sake rubuta shi daga nan.